Gaisuwa daga bakin ruwan garin Lemar na ƙasar Holan, yau na cika hamsin

Assalamu alaikum. Inna ina gaishe ki da kyau, ina gaida duk mutanen gida manya da yara. Auta kai ne mai karatu, don Allah ka zauna kusa da ita ka karanta a hankali, kar ka yi irin na wancan karon da ka karanta wurin maganar kuɗi kawai ka tsallake sauran, ai labari ya zo min. Akwai wurin da zan ce ka dakata, in ka iso can ka dakata ɗin, ka bari ta gama faɗanta tukuna.

Yau Talata 29 ga Yuli, na cika shekara hamsin cif a lissafin Bature, a lissafin wata kuwa na wuce hamsin da ɗaya ma. Kuma nawa lissafin na gaske ne, ba irin na abokanmu da duk aka rubuta wa 1 ga Janairu a fasfo ba, don Inna ke da bakinki kika ce ranar da aka haife ni rediyon Baba ba abin da take yi sai kiɗan soja, aka ce an tuɓe Gowon yana can Kampala wurin taro, ranar suna kuma Baba ya ce ai ba sai an sha wahalar neman suna ba, Murtala ne. 1975 ke nan, kuma ranar ma Talata ce, na duba. Allah ya jiƙan Baba ya sa aljanna ce makomarsa, tun asuba yake raina.

Mu dai a gida wa ya san wani bikin ranar haihuwa, in an yanka maka rago ranar suna shi ke nan an gama da kai sai ranar aure. Mutanen Holan kuwa abin ya zame musu kamar sallah, kuma komai nasu a juye yake. Kai da aka haifa kai ne za ka sayi kek ka kai wa mutane, ba su za su kawo maka ba. In baƙi sun shigo ba kai kaɗai za su yi wa barka ba, sai sun bi matarka da yaranka har maƙwabcin da ya shigo aron guduma kowa an ce masa hefelisitiyad, kalmar nan shekara nawa ina fama da ita har yau sai ta kankare min maƙogwaro. Sannan a jera kujeru a zagaye a zauna ana kallon juna kamar zaman makoki, kowa da kofi da yankan kek ɗaya, ɗaya tak, babu ƙari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kalandar da suke rubuta ranar haihuwar 'yan uwa da abokai, a ban ɗaki suke rataye ta. Wallahi sunana na nan a bayan gidan maƙwabcina, kuma shi a ganinsa girmama ni ya yi.

Ta hamsin ɗin kuma tana da nata daban. In namiji ya cika hamsin sai su ce ya ga Abraham, wato Annabi Ibrahim alaihissalam, mace kuma ta ga Saratu, maganar daga Linjilarsu ta samo asali. Sai su kafa mutum-mutumin tsoho mai farin gemu a ƙofar gidanka kowa ya san ka tsufa. Abokan aikina na wurin walda sun kawo nasu da sassafe, na ce musu na gode amma don Allah a bar kiransa da sunan Annabi, mu wannan ba abin wasa ba ne a wurinmu. Ba su ji haushi ba ko kaɗan, suka ce to me za a kira shi, na ce a kira shi Murtala tunda gemun namu ya kusa zama ɗaya.

To Auta ga wurin dakatawar ya zo. Inna, ba a ƙofar gida suka ɗaure tsohon nan ba. A jikin jirgin ruwana suka ɗaure shi. E, ina da jirgin ruwa, yau shekara biyu ke nan, ban faɗa miki ba saboda na san abin da za ki ce, tun ranar da Kawu ya tsamo ni a bakin kasuwar kifi ina ɗan shekara tara kika rantse ko wanka ba zan ƙara yi a kogi ba, kika ce mu ba Sarkawa ba ne ruwa ba gadonmu ba ne. Ki yafe ni. Na ce yau dai tunda na yi hamsin bari in faɗa, ko bulalar ce ai sai kin nemi biza. Auta dakata nan.

To in ta huce ka ci gaba. Da farko kar wani ya ji an ce Murtala ya sayi jirgi a fara jero min buƙatu, Yaya Babba da kai nake. Ba irin na sinima ba ne, tsawonsa mita bakwai da rabi ne kawai, an ƙera shi tun 1978, ya girmi Auta nesa ba kusa ba, kuɗinsa bai kai na tsohuwar Golf ɗin tasha ba. A nan tsofaffin jirage arha suke kamar a roƙe ka ka ɗauka, don wahalar ba a saye take ba, a riƙo take, kuɗin wurin ɗaure shi duk shekara, kuɗin fito da shi tudu in sanyi ya shigo, fenti, igiyoyi, kamar dai mutum ya samu doki kyauta sai ya gane dawa ce maganar. Ni don ina aikin ƙarfe da hannuna shi ya sa na iya. Ba ya shan mai sai ɗan ƙaramin inji na fita da shiga tasha, sauran duk iska ce, doguwar sanda ce a tsaye a tsakiyarsa ana jan manyan ƙyallaye biyu sama da igiya iska ta cika su ya tafi. Ko lasin ba a nema in jirgi bai kai mita 15 ba kuma ba mai gudu ba ne, namu in ya yi ƙoƙari sosai kilomita goma ko sha ɗaya a awa, mai keke ma yana wuce mu ta kan gaɓa. A cikinsa akwai ɗan ɗaki da wurin kwanan mutum huɗu da risho. Kuma Inna sunanki na rubuta a jikinsa, INNA da farin fenti, Turawan nan suna zaton sunan matata ne don su ma suna da mata masu suna Ina.

Ruwan da muke shiga kuma ba teku ba ne, ki kwantar da hankalinki. Da can teku ne, sai suka gina masa bango mai tsawon kilomita 32 suka gama a 1932, suka raba shi da babban tekun, a hankali gishirin ya fita ya zama tafki, Aisalmiya suke ce masa. Kamar dai yadda dam ɗin Kainji ya mai da kogin namu tafki, sai dai mu tare ruwa aka yi ya cinye ƙauyuka aka tashi mutane, su kuwa korar ruwan suke su yi gona a wurin. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar nan ƙasa da teku yake, kana tafe a mota sai ka ga jirgi yana wucewa sama da kanka. Nan Lemar ɗin ma akwai wani ƙaton gidan famfo mai aiki da tururi tun 1920, har yau in ruwa ya yi yawa suna tada shi. In za ka wuce gada kuma gadar ce ke ɗaga maka, motoci su tsaya jiranka, a wasu wuraren mai gadar zai zuro maka takalmin katako a bakin igiya kamar mai fatsa ka jefa kuɗin a ciki. Auta ka faɗa wa Kawu wannan, zai ce ƙarya nake.

Yanzu ga babban labarin yau. Wajen ƙarfe sha ɗaya muna zaune a bakin jirgi ana cin wani kek nasu na nan Firislan, lardin da muke, sunansa kek mai ruwan lemo amma samansa ruwan hoda ne, kar ku tambaye ni dalili, sai ga wani dattijo a kan keke, dogo siriri, ya haura tamanin, da wata doguwar takarda a naɗe a hammata. Bai gaida kowa ba, ya jingine keke ya sauko ya tsugunna yana shafa gefen jirgina kamar mai tayin saniya a kara. Sai ya ɗago ya ce wa ya taɓa ƙarfen da ke riƙe matuƙin nan. Gabana ya faɗi, na ce ni ne, ya ruɓe ne na sake shi. Ya ce ka ƙara masa kauri. Na ce e. Ya ce da ma tun farko haka ya kamata in yi shi, lokacin kamfani ne ya ce a rage kuɗi. Ashe shi ne ya zana jirgin. Maƙwabcina na tasha ne ya san inda yake zaune ya je ya roƙe shi ya zo, wai ita ce kyautarsa gare ni.

Ni fa ban taɓa kawo wa raina cewa jirgi yana da mai zane ba, a zatona ana ƙera shi ne kawai yadda Kawu ke yi. Dattijon nan ya warware takardar a kan tebur muka danne gefunan da kofuna, ta yi ja don tsufa, duk layuka ne sirara na fensir masu lanƙwasa kamar an feɗe kifi an bar ƙaya. Ya ce lokacin babu kwamfuta, wata siririyar sanda mai lanƙwasuwa suke kwantarwa a kan takarda su danne ta da ƙananan dalma su bi ta da fensir, layi ɗaya sai ya ci yini guda, in ka gyara ɗaya kuma sai ka koma ka gyara sauran duka don kowanne yana riƙe da ɗan uwansa. Ya nuna min wani wuri da ya goge har takardar ta kusa hujewa, ya ce nan ya yi sati biyu yana faɗa da kansa.

Muka fita da shi, ni da Maman Abba da yaran, kowa da rigar ruwa a jikinsa har shi dattijon, wannan ba a wasa da shi a jirgina Inna. Na ba shi sandar tuƙi, ni da nake riƙe ta da hannu biyu kamar mai kokawa da ɗan maraƙi, shi da yatsa biyu ya riƙe, bai ko kalli ƙyallen ba, fuskarsa kawai yake juyawa yana jin iska a kunne, ya ce in ɗan saki igiyar nan in ɗan ja waccan, kawai sai na ji jirgin ya yi shiru ya miƙe kamar an sauke masa kaya. Shekara biyu ina zaton na iya ashe wahalar da shi nake. Da iska ta ƙaru jirgin ya kwanta gefe ɗaya ruwa na gudu dab da baki, Maman Abba ta fara innalillahi da ƙarfi ta riƙe Hanifa, dattijo ya yi dariya ya ce in gaya mata ba zai kife ba. Ya ce a ƙarƙashinmu akwai ƙarfe mai faɗi da ya yi ƙasa cikin ruwa, kusan rabin nauyin jirgin gaba ɗaya yana can, iya kwanciyar da ya yi iya ƙarfin da ƙarfen zai jawo shi ya miƙe. Na fassara mata na ce kamar ki zuba dutse a gindin gora ki jefa a ruwa, duk yadda kika tura ta sai ta dawo tsaye. Ta ce ita dai a mai da ita tudu. Kuma ƙarfen nan ne ke sa mu iya tafiya ta wajen da iska ke fitowa, ba kai tsaye ba, a karkace, mu yi dama mu yi hagu kamar mai hawan dutse, iska na turawa ta gefe ƙarfe na tarewa ta ƙasa, sai jirgin ya suɓuce ta gaba, yadda tarwaɗa ke yi in ka matse ta a hannu.

A hanyar dawowa na ciro waya na nuna masa hotunan da Auta ya turo min na Rigatar bara, bikin jiragen ruwan nan namu na Yawuri, da na Kawu yana aiki a bakin ruwa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce ina zanen. Na ce babu zane, taƙi ne da kamu da ido, haka ya koya wurin ubangidansa. Ya yi shiru, ya ƙara girman hoton da yatsa yana bin yadda gaban jirgin ya tashi, ya ce mutumin nan ya san ruwansa, ka gaishe shi, ka ce wani abokin sana'arsa ne ya gaishe shi. Kawu ka ji, abokin sana'a ya ce. Ya nuna min wasu manyan jiragen katako na gargajiyarsu da ke wucewa masu shimfiɗaɗɗen gindi irin namu, da wasu alluna a gefe kamar fukafukai da ake saukarwa cikin ruwa, ya ce kakanninsu ma haka suka yi don ruwansu ba zurfi. Sai ya tambaye ni mutum nawa ake ɗauka a na Kawu. Na ce iya wanda ya samu wurin sa ƙafa, da buhuna da babura, wani lokaci har shanu. Na ba shi labarin jirgin ruwan da ya nutse a Warra a 2021, mutum sama da ɗari a rana ɗaya, kun fi ni sanin gidajen da aka yi zaman makoki, Allah ya jiƙansu.

Bai yi wani dogon bayani ba. Ya ce jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi yana da daɗin zama, ba ya rawa, shi ya sa yake yaudarar mutane, ba ya gargaɗi sai lokacin da ruwa ya hau baki, kuma shi ba shi da ƙarfen da zai dawo da shi. Ya ɗauki fensir ya zana jirgin Kawu a bayan kwalin kek ya ja layi ɗaya a gefensa, ya ce wanda ya ƙera shi ne ya fi kowa sanin inda layin zai zauna, a shafa shi da fenti mai haske yadda ko tsohuwa daga gaɓa za ta gani, in ruwa ya taɓa layin an gama lodi. Ya ce a Ingila ma haka aka yi ta asarar rayuka sai da wani ɗan majalisa Filimsol ya yi ta hayaniya aka yi doka a 1876, har yau duk babban jirgin kaya yana da wannan layin a jikinsa. Ni na san mutanenmu, na san direba zai ce layi ba ya sayen mai, da tsadar man nan ma ba zan ce ba shi da hujja ba. Amma Kawu gwangwanin fenti ɗaya ne, ni zan biya, ko a kan waɗanda za ka ƙera nan gaba ne kawai. Kwalin yana wurina na adana, zan turo hotonsa.

To duk wannan daɗin, abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. Da muka ɗaure jirgi dattijo ya ce shi zai sayi abinci, ya kawo wani dogon kifi nasu mai kama da maciji da suke bandawa da hayaƙi, masu tsada ne sosai a nan. Ina buɗe takardar ƙamshin ya bugi hancina, wallahi sai na ga kaina a layin masu banda a kasuwar Yawuri, hayaƙi na shiga ido, Baba na gaba ina biye da kwando. Na kasa haɗiyewa. Na ce musu iska ce ta sa min hawaye.

Inna miyar kukarki nake so. Ba wata miyar kuka ba, taki, wadda kike jiƙa bandar tarwaɗa a ruwan zafi ki zauna a kujera 'yar tsugunno kina cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya muna zagaye da ke kamar kyanwoyi kina korarmu da ludayi, a daka daddawa da barkono har maƙwabta su san me ake dafawa, ki kaɗa kukar da maburgi ba gudaji ko ɗaya, tuwon shinkafar gida mai laushi, man shanu ya narke a kai ya yi ido. Kan kifin nawa ne, kowa ya sani, ko da yake Yaya Babba ya sha sace min. Da safe kuma ɗumame, wanda ni a wurina ya fi na daren, ga ƙanzon gindin tukunya da muke dambe a kai. Maman Abba ta yi ƙoƙari Allah ya saka mata, tun ranar Asabar ta je har Amsadam unguwar Bailma shagon 'yan Gana, akwai 'yan Zango a can masu jin Hausa sarai, ta samo kuka da daddawa, ta yi tuwon da irin shinkafar da Turawa ke kunun madara da ita don ita ce mai danƙo, kifin kuma na teku ne. Yanzu muka gama ci bayan magariba, magaribar da sai tara da rabi ta wuce ake yinta. Na ci na yi santi na gode mata. Amma kama da wane ba wane ba ne, kukar ta kwana biyu ta dushe, wutar lantarki ba ta da hayaƙi, Abba kuma da cokali ya ci nasa yana tambayata da yaren Holan me ya sa miyar take yauƙi. Kar wanda ya faɗa wa Maman Abba na faɗi haka, Ladidi da ke nake.

In Alhaji na bayan masallaci zai taso wata mai zuwa kamar yadda ya ce, a ba shi kuka sabuwar daka da daddawa da banda mai kyau, a busar da ita sosai a naɗe da kyau. Kar a sa kilishi ko man shanu, nama da kayan madara ƙwacewa suke a filin jirgi, busasshen kifi ne suke bari.

A gaida Kawu da kyau da kyau, a ce masa yaron da ya tsamo da gashin kai yau shi ke tuƙa jirgi, kuma har gobe in na ɗaura igiya irin ɗaurinsa nake yi Turawa na tambayata ina na koya. A gaida Gwaggo, ya ƙafar tata, maganin shafawar ya ƙare ne ko tana ɓoyonsa yadda ta saba. Yaya Babba da iyalinsa duka. Ladidi ƙanwata ta kaina, na ga hoton jaririyar na kalla ya fi sau ashirin, hancin Baba ne sak ba wanda zai musa min, ki riƙa shan kunun kanwa ki bar yawan aiki, kuma ki kira ni ranar Juma'a ba sai kin jira mijinki ya sa miki kati ba. Mijin nata ma a gaishe shi. Malam Liman a ce ina neman addu'a. Iya mai ƙosai ta ƙofar gida in tana nan da rai a ba ta dubu biyar cikin abin da na turo, tana bina bashin ƙosai tun ina firamare. Danladi abokina ya ci amanata bai kira ba amma a gaishe shi. 'Yan uwan Maman Abba na Kwantagora in an yi waya. Yaran gida duka, waɗanda suka san ni da waɗanda aka haifa bayan tahowata suke ce min Baban Turai. Auta kai kuma sai na ji yadda ka yi karatun nan kafin in san irin gaisuwar da zan yi maka.

Inna in kin huce ki sa Auta ya danna miki ki yi min magana da murya, ko faɗan ne ina so in ji. Gobe da safe zan koma in kwance tsohon nan daga jikin sanda kafin ruwan sama ya jiƙa shi.

Naku,
Murtala